Jinin da Baba Ya Rufe da Ƙasa

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da kaji ke sakin fukafukai su buɗe baki a gindin rumbu. Ran bakwai ga wata da hantsi na zaga bayan gida, da na gama na duba sai na ga jini. Ja wur, sabo, ba zafi ba raɗaɗi. Na ɗauki buta na kora shi da ruwa. Da na fito matata Rabi ta ce, "Malam, lafiya ka daɗe haka?" Na ce mata lafiya lau. Ina rufe baki gabana ya faɗi, don muryar mahaifina na ji ta fito daga bakina. Haka ya riƙa amsa wa mahaifiyata shekara talatin da uku da suka wuce, lokacin da azumi ya faɗo a daidai irin wannan zafi.

A wancan lokaci ina da shekara ashirin da biyar, ban daɗe da aure ba, muna zaune a gidanmu na gado a wani ƙauye kusa da Kurmin Kogi. Daminar da ta gabata ta yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai, muka girbe abin da bai fi rabin na kullum ba. Rumbunmu biyu, ɗaya ko ƙwaya bai samu ba, ɗayan kuma kafin azumi ya kama sai Inna ta zura rabin jikinta ciki kafin hannunta ya taɓa hatsi. Ta canja ƙwaryar awo ta koma ƙarama ba tare da ta gaya wa kowa ba, mu ma muka yi kamar ba mu lura ba. Abin da ya rage mana shi ne lambun tumatir da ke fadama. In ya yi, mu kai damina. In bai yi ba, sai abin da Allah ya yi.

Yau yaro zai ja igiyar inji sau biyu, ruwa ya taso ta bututu, ya koma inuwa ya zauna yana latsa waya. Mu da jigo muka yi ban-ruwa. Dogon itace ne a kan gwafa, an ɗaura masa curin laka a gindi, guga a kai. Ka tsaya a kan katakon da aka gitta a bakin rafi, ka danna guga ƙasa da ƙarfin cikinka, ka ɗago shi cike, ka juye a magudana, ka sake. Daga sallar asuba muke gangarawa, tun ƙasa na da sauran sanyi. Baba yana kan jigo, ni ina bin ruwa da fartanya ina buɗe masa hanya fangali bayan fangali, in an jima mu yi musanya. Kafin azahar rafin kansa ya yi ɗumi, ganyen tumatir ya yi laushi ya sunkuya. Ban san wahalar da ta kai ta mai azumin da ke wuni yana wasa da ruwa ba. Yana zuba a ƙafarka, kana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, harshenka kuwa ya manne da dasashi.

Da magariba kunun tsamiya ne ba sukari, sai tuwon dawa da miyar kuka wadda ta fi kama da ruwan wanke tukunya. Abin da ya rufa mana asiri a shekarar shi ne mangwaro. Itatuwan bakin fadama sun yi 'ya'ya har rassa na karyewa, kowa ya dawo gida da shi cike da hula da aljihu. Kowa na sha, ban da Baba.

Baba ya yanke hulɗa da duk wani abu mai zaƙi, don a wurinmu kowa ya sani, ko in ce kowa ya ɗauka ya sani, cewa zaƙi ke kawo basir. Ya bar rake, mu da muka tashi a ƙasar rake. Ya bar mazarƙwaila, ya bar gwanda, ya bar dabinon buɗa-baki, har kabewa ya hana Inna sawa a miya. Abincinsa ya koma busasshen tuwo da gasasshiyar masara in an samu. Ruwa ma kaɗan yake sha, wai kada ya cika ciki ya hana maganinsa aiki. Maganin kuwa a wata kwalba yake, baƙi ƙirin, ya sayo a wurin wani mai lasifika ranar kasuwar Makarfi. Na taɓa ɗanɗana shi da yatsa, na wuni ina tofar da yawu. Mai maganin ya gaya masa in ya ga jini kada ya damu, basir ɗin ne ke fashewa, mugun jini ne ke fita. Saboda haka duk ranar da jinin ya ƙaru, Baba sai ya ɗauka sauƙi ne ke zuwa.

Duk wannan daga baya na haɗa shi. A lokacin abin da nake gani kawai shi ne yana daɗewa a bayan gida, har Inna ta riƙa kai-komo a tsakar gida tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. In ya fito ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce lafiya lau. Sai kuma na ga mutumin da ke juye guga ɗari bai tsaya ba, yanzu in ya yi ashirin sai ya dafa gwafa yana haki. Leɓɓansa suka yi fari, tafin hannunsa ya koma kamar na wanda ya dama alli.

Wani zai ce, to me ya hana ka tambaye shi? Ni ne ɗan fari. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. In yana son ni sai ya ce "kai," in yana maganata da wani ya ce "yaron nan." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ni a lokacin har alfahari nake da ita. Muna wuni a lambu ɗaya, maganarmu ba ta wuce "buɗe can" da "toshe nan." Mutumin da ba ya iya furta sunana, ta ina zan fara tambayarsa abin da ke fita daga jikinsa?

Ran goma sha ɗaya ga azumi na zo karɓarsa a jigo. Yana saukowa daga kan katako na ga ɗigon jini a inda ya tsaya, uku ko huɗu, ɗaya ya gangaro ta dugadugansa. Ya ga na gani. Sai ya sa gefen ƙafarsa ya turo ƙasa ya rufe, ya murje, ya ɗauki fartanya ya bi ruwa. Ni kuma na hau kan katakon, na taka wannan ƙasa, na kama igiya. Na yi ta danna guga ina kuka, ba wanda ya sani, don gumi ya riga ya jiƙa fuskar.

Kwana tara na yi da wannan abu a cikina. Kullum sai na ga sabuwar ƙasa a kan katako, kullum sai in taka in yi shiru. Har yau in na tuna kwanakin nan tara ina jin haushin kaina. Na kira shi ladabi, amma tsoro ne.

Mutum ɗaya ce a duniya ke iya yi wa Baba magana son ranta, yayarsa Goggo Hansai da ke aure a Kudan. Ita ta goye shi yana jariri, ni ma a hannunta na yi shekara shida na yarinta, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Ranar kasuwa na kai kwandunan tumatir Makarfi, na sayar da su yadda aka taya, na hau mota zuwa Kudan. Na same ta tana tankaɗe. Muka gaisa, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan Baba na ce yana lafiya. Ta ajiye rariya.

"Haruna, tun daga Kurmin Kogi ka taso da azumi a bakinka cikin wannan rana don ka ce mini yana lafiya?"

Na sunkuyar da kai na gaya mata, ina kewaye-kewaye. Ta katse ni.

"Jini ta ina? Faɗi, ba ni ce na haife ka ba balle ka ji kunyata."

Da na faɗa, ba ta ƙara tambaya ba. Ta yafa mayafi, ta bar garin a faifai, ta ce wa maƙwabciyarta ta rufe mata ƙofa.

Mun iso bayan la'asar muka tarar da mutane a ƙofar gida. Da yake ba na nan, Baba ya haɗa aikina da nasa, rana na tsaka jiri ya ɗebe shi daga kan katako ya faɗa magudana. Maƙwabtanmu na lambu suka ɗauko shi a kan amalanke. Yana kwance a zaure a kan tabarma, numfashi sama-sama, an kawo ruwa ya ƙi sha, an ce asibiti ya girgiza kai. Liman ma ya zo ya gaya masa Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, Baba ya ce saura kaɗan rana ta faɗi.

Goggo ta kori kowa daga zauren. Na juya zan bi su ta ce, "Kai tsaya nan." Ta zauna a gefen tabarma ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba.

"Dubi nan. Ko ɗigon jini babu. Ɗan'uwana, kashe kanka za ka yi?"

"Yaya, basir ne kawai. Wa ya rasa shi? Ina shan magani."

"Maganin da ya kwantar da kai a kwata? Gobe za mu asibiti."

Ya juya fuska bango. Da ƙyar na ji abin da ya ce. "Ba zan tuɓe wa ɗan wani ba. Kuma an ce in suka yanka mutum, ba ya ƙara riƙe bayan gida. Gara in tafi da mutuncina."

Na ɗauka Goggo ta sare. Can ta ce, "To ji nan. Ni na wanke maka kashi kana tsumma, ba abin da za ka ɓoye mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jikin nan da kake rowarsa dole wani ya gan shi. Ko dai likita ya gani kana numfashi, ko masu wanka su gani kana miƙe. Kuma ka san wanda za a ce ya riƙe buta yana zuba musu ruwa? Ga shi nan tsaye, wanda kake jin kunyar. Zaɓi ɗaya."

Ana jin kukan awaki a waje. Baba bai juyo ba, amma ya miƙo hannu baya. Goggo ta sa masa moɗar ruwa a ciki, ya ɗago ya sha, saura kamar rabin sa'a a kira salla. Ban taɓa ganin ya karya azumi ba sai ran nan.

Washegari muka kai shi babban asibiti a bayan a-kori-kura, a kan buhunan da aka shimfiɗa. Likitan da ya gan mu mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, bai fi ni da shekara goma ba, Hausarsa tas. Ya durƙusa ya gaida Baba kamar yadda ɗa ke gaida uba, na ga hakan ya ɗan kwantar masa da hankali. Da aka auna jininsa aka ce sai an ƙara masa kafin komai. Aka gwada nawa ya dace, aka ɗiba. Ina zaune a benci ina kallon jinina yana sauka ta siririyar roba yana shiga hannunsa, shi kuwa ya kafa ido a rufin ɗaki.

Kwana biyu bayan haka likita ya ce zai duba shi, yana son namiji ɗaya daga dangi ya tsaya ya taimaka masa ya juya, don har lokacin ba ya iya tashi shi kaɗai. Goggo ta fita. Ni ma ƙafata ta ɗauke ni ta nufi ƙofa, don ban ga yadda za a yi in tsaya ba, na ce a raina zan nemo wani dattijo a waje. Na kama labule ke nan na ji murya a bayana.

"Haruna."

Na ɗauka wani ne. Na waiwaya, ba kowa sai Baba da likita.

"Haruna, tsaya. Kai za ka riƙe ni."

Na koma na riƙe kafaɗunsa, na juya fuskata ga taga. Ƙasusuwansa na taɓa tafin hannuna. Mutumin da nake gani kamar kuka, ashe ya zama ba nauyi.

Da aka gama likita ya wanke hannu, ya jawo kujera, ya ɗauki takarda ya yi zane. Na riƙe bayaninsa kamar karatun allo.

"Baba, basir ne na ciki, kuma mun gode Allah da shi ne. Don ba kowane jini ne basir ba. Akwai ciwon hanji mai tsanani da ke zuwa da irin wannan jini, mutum ya yi ta shan maganin basir har lokaci ya ƙure. Shi ya sa dole a duba."

Baba ya ce, "To, ni dai na bar zaƙi tun bara."

"Ba zaƙi ba ne, Baba. Ka ga nan, daga ciki kusa da mafita, akwai wasu jijiyoyin jini da Allah ya yi wa kowa, kamar matashi, suna taimakawa wurin rufewa. In bayan gida ya yi tauri mutum yana yunƙuri, ko yana daɗewa a tsugune, ko yana aikin da ke sa shi ƙulle ciki yana nishi, sai su kumbura. In abu mai tauri ya goge su sai su yi jini. Wurin ba ya jin zafi, shi ya sa mutum ke raina shi. Wani lokaci su leƙo waje su koma, in abin ya yi nisa sai an tura su. Me kake ci?"

Na gaya masa. Ya dafe kai.

"Mangwaron da gwandar da kabewar da ka bari, su ne maganinka. Su da ganye, da wake, da ruwa mai yawa. Ka kori masu taimakonka ka bar tuwo shi kaɗai. Jinin nan kuma ba mugu ba ne, Baba, shi ne wanda kake noma da shi."

Baba ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya tambayi abin da ke cin ransa, ko gaskiya ne in an yi aiki mutum ba ya ƙara riƙe kansa. Likita ya ce yawancin masu basir ko aiki ba sa bukata, gyaran ci da sha ya ishe su. Nasa ne ya yi nisa, sai an cire, amma ba za a taɓa naman da ke riƙewa ba. Haka kuwa aka yi. Ya sha zafi na kwanaki, ba zan ɓoye ba, na ji shi yana salati da ƙarfi a bayan gida. A asibiti muka yi sallar idi, shi a kwance, ni a farfajiya.

Lambu kuwa na riga na sallama shi. Da muka dawo na gangara fadama don in ga abin da ya saura, sai na tarar da ƙasa a jiƙe. Ashe maƙwabta sun raba kwanakin a tsakaninsu, kowa in ya gama nasa ya zo ya ba namu guga hamsin, da azumi a bakinsu. Fangali huɗu na can ƙarshe sun ƙone, sauran sun rayu, kuma su suka kai mu damina. Ranar da aka yi ruwan farko, da iska mai ƙamshin ƙasa da ta kwashe mana zana biyu, Baba na zaune a bakin zaure da ƙwaryar mangwaro a gabansa, yana sha ruwan na bin gemunsa. Goggo ta ce, "A hankali dai, kada zaƙi ya kashe ka." Ya yi dariya har da tari.

Ya ƙara shekara goma sha huɗu a duniya, kuma ba wannan ciwo ne ajalinsa ba. Bai sake kiran sunana ba. Muka koma "kai" da "buɗe can" kamar ba abin da ya faru, ni ma ban nemi ƙari ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni.

To ga ni yau, na san duk wannan. Na san ba zaƙi ba ne, na san ba mugun jini ba ne, na san kuma mai shekaruna ba ya ganin jini ya yanke wa kansa hukunci. Ni ne ma ke yi wa mutane wannan bayani a majalisa. Amma da abin ya zo kaina, buta na ɗauka na kora, na ce wa Rabi lafiya lau. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yau da safe na ƙirga, kwana tara cif ina korawa.

Ɗana na fari yana koyarwa a Ikara. Sunan Baba aka sa masa, saboda haka kunyar ta zama biyu, ban taɓa furta sunan ba ko a bayan idonsa. Kowa Abba yake ce masa, ni kuwa ko Abban ba na faɗa. Goggo Hansai ta daɗe a ƙasa, ba wanda zan hau mota in kai wa ƙara, ba kuma wanda zai kai ƙarata.

Yau bayan la'asar na zauna a zauren nan, a daidai inda tabarmar Baba take, na kira shi a waya. Ya gaishe ni, ya tambayi azumi, ya tambayi zafi, na amsa. Sai na tsaya ina kallon inda tabarmar take. Ya ce, "Baba, kana ji na?"

Na ce, "Idrisu."

Da ya yi magana muryarsa ta canja.

"Na'am, Baba. Me ya faru?"

"Ina ganin jini. Kwana tara ke nan. Gobe ka zo ka kai ni asibiti, kuma in za a duba ni, kai za ka tsaya."

Ban san abin da likita zai gani gobe ba. Idrisu dai bai jira goben ba. Ana kiran magariba na ji tsayuwar babur a ƙofar gida, ya shigo da ƙura har gira, da ledar mangwaro rataye a hannunsa.